Yatsu Huɗu a Ƙarƙashin Dutsen Baba

Kalmar iƙlim ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tun ina saurayi nake jin ta a rediyo: iƙlimin kaza ya samu ruwa, iƙlimin kaza an naɗa masa sabon gwamna. Na ɗauka Larabci ce tsantsa, ma'anarta yanki, shi ke nan. Sai da na haura saba'in ɗiyar ƙanena ta zauna gabana da lemo da tsinke, ta gaya mini inda kalmar ta fito. A cikin wannan hirar ce wata magana ta kuɓuce daga bakinta, ta tone abin da na binne da hannuna fiye da shekara talatin. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da aji huɗu, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana kudu da Sinja, nesa da bakin kogi. Ba mu cikin masu hawasha, wato gonakin ban-ruwa, da ke jiran ruwan gwamnati ya zo musu ta magudana. Mu noman damina muke yi, a baƙar ƙasa wadda take tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki. In ka tsaya ka duba, babu tudu babu kwari, kamar an shimfiɗa tabarma har ƙarshen gani. Amma Baba yakan ce ido maƙaryaci ne, ruwa ne ba ya ƙarya.

Duk shekara, washegarin ruwan farko mai ƙarfi, yakan tashe mu ni da ƙanena, wanda shi ne autanmu. Mu cire takalma, ya cika aljihunsa da ƙaiƙayin dawa, mu shiga gona. Inda ruwa ya kwanta sai ya watsa ƙaiƙayin ya tsuguna. Mu kuma mu tsuguna. Da farko ba ka ganin komai. Can sai ka lura ƙaiƙayin yana jan jiki a hankali, ya nufi gefe ɗaya kamar garken da ya san hanyar gida. Da haka Baba yake gane inda ƙasa ta karkata, da haka kuma yake sanin inda za a ɗaga taras, wato doguwar kunyar ƙasa da muke zagaye gona da ita don ta tare ruwa ya shiga ƙasa. Da allon katako mai igiya biyu muke jan ƙasar: Baba ya danna allon, ni da auta mu ja. Har yau in an yi ruwan farko kafaɗuna suna tunawa.

Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ya raba mana gonar gida biyu. Ni na samu ta sama, inda ruwan daji yake fara shigowa. Auta ya samu ta ƙasa. Tsakaninmu akwai taras, a tsakiyar taras ɗin kuma Baba ya bar ƙofa. Ƙasarmu ba ta da duwatsu, sai ya ɗauko rabin dutsen niƙan Inna da ya fashe, ya dasa shi a bakin ƙofar, ya daidaita shi kwana biyu yana gwadawa da ruwa. Ka'idar ita ce: ruwa ya taru a gonata har ya kai fuskar dutsen, abin da ya haura ya tsallaka wa auta. Ya dafa dutsen ya ce mana, “Ruwa baƙo ne. Ka ba shi masauki, amma kada ka kulle shi a ɗaki.” Shekara biyu bayan haka ya rasu.

Sai shekarar fari ta zo. Waɗanda suka gan ta ba sa buƙatar a kwatanta musu. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi. Mun shuka sau biyu. Ina da ’ya’ya biyar a lokacin, auta yana da biyu, Inna kuma tana ɗakinta a gidana. Ba don in wanke kaina nake lissafa su ba. Ina faɗa ne don abin da na riƙa gaya wa zuciyata ke nan.

Ranar kasuwa ce, da tsakar rana, kowa ya tafi. Na ɗauki fartanya na je bakin taras. Na tone dutsen Baba, na ɗaga shi gefe, na zuba ƙasa a raminsa na daddanne da dunduniya. Na auna da hannuna, yatsu huɗu. Na mayar da dutsen, na shafe gefensa da laka, na watsa busasshiyar ciyawa. Aikin bai kai shan shayi ba. Ƙofa tana nan a buɗe, dutse yana nan a fili, wanda ya zo wucewa ba zai ga an taɓa komai ba.

Bayan haka an yi ruwa sau uku kacal. Duk sau ukun ruwan ya taru a gonata, ya zo dab da fuskar dutsen, ya tsaya. Auta ya same ni a can da safe bayan ruwa na biyu, wandonsa a naɗe.

“Yaya, ruwan bai tsallako ba.”

“Bai kai ba ne,” na ce. “Ga dutsen Baba nan, duba da idonka. Ƙasar nan kamar faifai take, in ruwa ya yi kaɗan ina zai samu ƙarfin tafiya?”

Ya tsuguna gaban dutsen, ya daɗe. Ya shafa shi da hannu. Sannan ya miƙe ya ce, “Allah ya kawo mai yawa.” Na ce amin, ina kallon wani wuri.

Dawata ta yi kai, ko da ba ta cika ba. Tasa ta tsaya a gwiwa ta ƙone. Da aka yi girbi na ɗora buhu biyu a jaki na kai masa gida da rana tsaka, kowa yana gani. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, fiye da tonon dutsen. Tsofaffi a bakin masallaci suka sa mini albarka. Aka riƙa ba da misali da ni in ’yan’uwa sun yi faɗa. Auta ya karɓa, ya yi godiya, domin akwai yara a ɗaka. Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya tafi Damazin. Ya yi ƙwadago a manyan gonakin tarakta, daga baya ya buɗe rumfar facin taya a bakin hanya. Gonarsa ta zama dajin ƙaya.

Ba mu yi faɗa ba. Da mun yi, da ya fi sauƙi. Yakan zo jana'iza, yakan zo aure, ya gaishe ni da ladabi, ya ci abinci, ya kama motar yamma. Bai ƙara taka gonar ba. Ni kuma ban ƙara taɓa dutsen ba. A shekarun baya-bayan nan damina ta sake hali, sai ta yi shiru kwana ashirin sannan ta zubo na wata guda a yini ɗaya. Ruwa ya cika gonata ya rasa mafita da wuri, dawar da ke kusa da taras ta yi rawaya ta ruɓe. ’Ya’yana suka ce, “Baba, a ɗan sauke dutsen nan mana.” Na ce dutsen kakanku ne, ba a taɓa shi. Tsoro nake ji kada su tona su ga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba irin ta gefensa ba ce.

Bara waccan aka turo ƙaramar ɗiyar auta koyarwa a makarantar ’yan mata ta ƙauyen da ke gaba da mu. A Damazin aka haife ta, bayan duk wannan. Ubanta ya aiko ta gidana da saƙon baki: ga ɗiyarka nan, ka riƙe. Labarin ƙasa take koyarwa. Larabcinta kamar ruwa, Hausarta kuwa sai ka yi haƙuri. Matata takan yi mata dariya in ta ce ta “sha” tuwo. Ni ina kiran ta Ustaza don tsokana, ita tana kira na Baffa, in ta so wani abu kuma ta ce ya ammi, wato baffana da Larabci.

Wata la'asar ta bazara muna ƙarƙashin rumfa, matata tana dafa jabana, wato gahawarmu ta nan, zafi ya hana kowa motsi. Ustaza ta soke lemo da tsinken tsire tana jujjuya shi, tana shirin darasin gobe. Ni kuma ina ta mita a kan damina, yadda ta lalace, yadda ba ta da alƙawari yanzu.

“Baffa,” ta ce, “ka san kalmar da Turawa suke kiran yanayin ƙasa da ita, da kalmarmu iƙlim, uwarsu ɗaya?”

“Ina zan sani, Ustaza? Ni da na bar aji tun ana rubutu da tawadar kwalba.”

“Daga Yunanawa ta fito. Igrig.”

Igrig na sani, haka muke kiran Yunanawa a nan. Ina yaro akwai wani a kasuwar Sinja mai kanti, jajir da shi, yana sayar da zaitun, wurinsa Baba yake sayen gilashin fitila. Na ce, “Mai sayar da zaitun ɗin nan ne ya ƙirƙiro iƙlim?”

Ta yi dariya har lemon ya faɗi. “Kakannin kakanninsa. Su suna cewa kilima. Kuma asalin ma'anarta ba zafi ba ce, ba ruwa ba ce. Karkata take nufi. Gangare.”

Ta ɗauki lemon ta riƙe shi a hasken da ke shigowa ta gefen rumfa. Ta nuna mini yadda rana take dukan cikinsa kai tsaye, amma wajen tsinken hasken yana zamewa ne kawai, ya shafa ya wuce. Ta ce mutanen nan matafiya ne, sun lura cewa in ka yi kudu rana tana tsaya maka a tsakar ka, in ka yi arewa tana kallon ka a kaikaice, inuwarka ta yi tsawo, yinin bazara ya yi tsawo. Sai suka ce ai ƙasa gangarawa take yi daga tsakiyarta zuwa ƙarshenta. Suka yanka duniya ɗamara-ɗamara, kowace ɗamara da irin karkatarta ga rana, suka kira kowace ɗaya kilima. Malaman Larabawa suka ɗauka, bakinsu ya mayar da ita iƙlim, suka lissafa guda bakwai. A hannunsu ta zama yanki. A hannun Turawa kuma ta ci gaba da tafiya har ta zama zafi da sanyi da ruwan da aka san yankin da su.

“Kalmar ma gangarowa ta yi ke nan,” matata ta ce tana zuba jabana a finjali. “Ta bi gari-gari kamar kakanninmu.”

Ni abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina furta kalma ban san tana ɗauke da rana da inuwa a cikinta ba. Amma tsohon hali ba ya barin mutum. Na ce, “To wannan can ne, wurin masu duwatsu. Mu tamu ƙasar a miƙe take.”

“Haba Baffa! Kai manomi kake faɗin haka? Ruwan da ake bai wa gonakin Jazira daga madatsar Sinnar yake tashi, ya yi ta tafiya arewa da ƙafarsa, ba mai tura shi. Me yake bi in ba gangare ba? Ido ne kawai ba ya gani.” Ta kurɓi jabana. “Babana ma kullum yana cewa a ƙasarmu yatsu huɗu sun isa su raba mai ƙoshi da mai yunwa.”

Finjalin yana hannuna. Na ajiye shi don kada ya zube.

“Yaushe yake faɗin haka?”

“Kullum. In yana auna taya, in muka bar ƙofa ba mu rufe daidai ba. Karin maganarsa ce. Na ɗauka ta kaka ce.”

Ba ta kaka ba ce. Baba bai taɓa faɗin yatsu huɗu ba. Mutum ɗaya ne ya auna yatsu huɗu a gonar nan, ranar kasuwa, da tsakar rana. Ashe auta ya sani. Ya sani lokacin da ya ce Allah ya kawo mai yawa. Ya sani lokacin da na sauke masa buhu biyu a gaban jama'a. Ya sani duk jana'izar da ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Kuma da sanin nan ya ɗauki ɗiyarsa ya aiko mini in riƙe.

Kwana uku ina yawo da abin. A na huɗu na gaya wa matata, muna tsince wake a tsakar gida. Ta ajiye faifan. Ta ce, “Malam, buhunan nan da hannuna na ɗinke bakinsu. Shekara nawa ina ba da labarin nan a gidan suna, ina cewa mijina ne?” Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ajiye mini farar jallabiyata a kan gado, wankakkiya, ta ce, “Zumunta a ƙafa take. Mota tana wucewa da hantsi.”

Na yi tunanin in je in sauke dutsen ni kaɗai, in yi shiru. Amma a ɓoye na ɗaga shi, in na sauke shi a ɓoye ban gyara komai ba, na ƙara rufa wa kaina asiri ne kawai. Abin da nake so shi ne auta ya dawo ya tsaya a bakin taras ɗin nan, ya ga ruwa ya tsallaka masa, tun muna da rai mu biyu. Ban san ko zai yarda ba.

Na same shi a rumfarsa a Damazin, ya tsoma tiyub cikin baho yana neman inda yake yoyo. Gashinsa ya yi fari fiye da nawa. Ya gan ni ya miƙe da sauri yana goge hannu.

“Yaya! Lahiya? Wa ya rasu?”

Wannan tambayar ta nuna mini abin da muka zama. Na ce ba wanda ya rasu. Ya sa aka kawo shayi, ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan taya. Na yi ta shirya magana a mota, amma da na buɗe baki sai ta fito gajeriya.

“Auta, ni na ɗaga dutsen Baba.”

Ya hura shayinsa. Wata babbar mota ta wuce, ƙura ta lafa.

“Na sani,” ya ce.

“Ta yaya?”

“Dutsen yana da zobe a jikinsa, inda ƙasa take tsayawa. Ƙasan zoben baƙi, samansa fari. Ka shafa laka, amma ruwa ya wanke ta. Na sa hannu na auna. Ka yi aikin da kyau, Yaya, sai dai ka manta ni ne nake riƙe wa Baba butar gwaji ranar da ya dasa shi.”

“Me ya hana ka magana?”

“In ce mi? Inna tana ɗakinka. In taru da kai gaban dattawa, ta ji ɗanta ya sace wa ɗanta ruwa? Daga baya kuma na ci dawarka. Wanda ya ci ba ya ƙara.” Ya ajiye kofin. “Amma ka sani, ruwan bai yi mini zafi kamar buhunan ba. Da ka kawo su ta bayan gida, da na manta tuni.”

Na ce ya yafe mini. Na faɗa sau biyu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya koma kan bahonsa ya danna tiyub ɗin, kumfa ta taso daga wani ɗan huji.

“Ka ga,” ya ce, “ruwa ba ya ƙarya.” Ya sa alama da alli. “Ka koma gida. Bari mu ga ruwan farko.”

Da wannan na dawo, ba e ba a'a. Sauran wata biyu kafin damina. Na kira gayya don a sare ƙayar da ta cinye gonarsa. A bakin masallaci wani tsohon abokina ya ce, “Ka ji mutumin kirki, har yau yana ɗawainiya da ƙanensa.” Na ji tsohon yabon nan yana neman ya sake lulluɓe ni. Na ce, “Ku dakata.” Na gaya musu duka, dutsen da buhunan. Abokin nawa ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, “To ashe shekara talatin muna sa wa ɓarawon ruwa albarka. Kai za ka kawo rago ranar gayya, ba akuya ba.” Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Mutum biyu ba su zo gayyar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran suka zo, aka sare, aka ƙone, aka gyara taras ɗin auta da ya zaizaye.

Ustaza ta ji labarin a wurin matata. Kwana biyu tana gaishe ni daga nesa. A na uku ta kawo mini shayi ta ce, “Ya ammi, da na san lemo zai jawo wannan, da na yi darasin da ƙwallo.” Daga nan muka koma yadda muke.

Ruwan farko ya sauka da azahar, mai ƙarfi. Washegari na fita bakin hanya tun da safe da ƙaiƙayi a aljihu. Ba kowa. Na ce hanya ce, don baƙar ƙasarmu in ta jiƙa ko jaki sai ya yi tunani. Kwana na biyu ma ba kowa, na rasa abin da zan ce wa kaina. A na uku, wajen hantsi, tarakta ta shigo ƙauye tana wutsil-wutsil cikin taɓo, auta a zaune bisa marfin taya, ya rungume takalmansa a ƙirji.

Bai shiga gida ba. Muka wuce gona kai tsaye, ni da shi, ƙafa ba takalmi. Ya tsaya ya dubi gonarsa da aka share. A bakin taras na miƙa masa fartanya, ya ce, “A'a. Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa.” Na tona. Bayana ya ƙage, numfashina ya yi sama, amma bai karɓa ba sai da dutsen ya motsa. Sannan muka kama shi tare muka jingine. Ga ƙasar da na danne da dunduniya tana nan, ta yi tauri kamar bulo.

Na jera yatsuna zan auna. Ya ture hannuna.

“Da waɗannan busassun karan? A da ba haka suke ba. Kawo in auna da nawa.”

Yatsunsa sun yi kauri da aikin taya, huɗunsa sun kusa biyar ɗina. Na ce, “Auta, wannan ai zalunci ne.” Ya ce, “To kai ƙara wurin dattawa.” Nan ne ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun muna jan allon taras. Amma da muka mayar da dutsen, bai bi yatsunsa ba, bai bi nawa ba. Ya share jikin dutsen da tafin hannu har tsohon zoben ya fito, ya yi ta gyarawa sai da zoben ya kwanta daidai da ƙasa, yadda Baba ya bar shi.

Ruwan farkon ya riga ya shige ƙasa, don haka sai da muka jira. Ya kwana huɗu a gidana, ya ci tuwon matata ya ce miyarta ta yi gishiri kamar da. Ruwa na biyu ya zo da la'asar, yana ɗaukewa muka fita, Ustaza tana biye da mu ta ɗage tufafinta daga taɓo. Gonata ta cika tana ƙyalli. Na ciro ƙaiƙayi na ba shi rabi. Muka watsa, muka tsuguna, gwiwoyinmu suna ƙara. Da farko bai motsa ba. Can sai ya fara jan jiki, ya taru, ya nufi ƙofa. Ruwan ya hau fuskar dutsen siriri kamar mayafi, ya zuba ɗaya gefen, ƙaiƙayin ya bi shi ya bazu cikin gonar auta.

“Ga kilimarki nan, Ustaza,” na ce.

Auta bai ɗago ba. Yana kallon ruwan yana shiga tsagar ƙasarsa, ya ce, “Na yafe, Yaya. Tashi ka nemo mini iri, ka san ni baƙo ne.”

Ya bar rumfar facin a hannun babban ɗansa, ya ce sai bayan girbi. Yanzu da nake rubuta wannan, dawarsa ta wuce gwiwa, inda waccan ta tsaya, tana neman ƙugu. Tawa ma ta kusa da taras bana ba ta yi rawaya ba. Jiya ya leƙo ta kan taras yana mini ba'a wai layukana sun karkace, na ce masa ƙasar ce a karkace, ya je ya tambayi ɗiyarsa.